Martani: Ba kowane mai shanyewar ɓarin jiki ke buƙatar oksijin ba

Malam, na karanta maƙalarka a kan shanyewar ɓarin jiki, kuma tun ban kai ƙarshenta ba na san za ta yi farin jini. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mahaifinsa, baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta ƙi fita, zai so a ce akwai wani abu guda mai sauƙi da za a yi nan take a ceto ƙwaƙwalwar tsohon. Kai kuwa sai ka miƙa masa abin: iskar oksijin. Ka ce tunda rashin oksijin ne ke kashe ƙwaƙwalwa idan gudan jini ya toshe jijiya, hankali ma ya isa ya nuna cewa a ɗora wa kowane majinyaci ita da zarar an iso asibiti, ko yana numfashi lafiya lau ko ba ya yi. Ka ce ko ba ta yi amfani ba ai ba za ta cutar ba. Ka kafa hujja da wani gwaji daga ƙasar Sin, ka zargi likitocinmu da riƙon sakainar kashi saboda suna barin irin waɗannan majinyata ba takunkumi a fuska, har ka shawarci masu hali su ajiye tukunyar oksijin a gida saboda ɓacin rana.

Ban yi shakkar kyawun niyyarka ba. Sai dai wannan shawara ba kai ka fara kawo ta ba. An gwada ta a kan dubban mutane, ba ta ci jarrabawa ba.

Inda muka yi tarayya da kai shi ne tushen maganar. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na oksijin ɗin da jiki ke amfani da shi, kuma ba ta da rumbun ajiya. Idan jijiya ta toshe, tsakiyar wurin da take shayarwa kan mutu cikin mintuna. A kewayensa kuma akwai wani yanki da ya daina aiki amma bai mutu ba, yana rayuwa da ɗan jinin da ke sulalowa ta ƙananan jijiyoyin maƙwabta. Astrup da Siesjö da Symon ne suka fayyace wannan yanki a 1981, kuma tun daga lokacin duk fafutukar likitocin ƙwaƙwalwa a kansa take. Jeffrey Saver ya ƙiyasta a 2006 cewa a toshewar babbar jijiya ana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kimanin miliyan 1.9 a kowane minti. Duk wannan gaskiya ne, ka faɗa daidai.

Inda ka kauce shi ne yadda oksijin ke tafiya a jini. Kusan dukkansa, wajen kashi 98 cikin 100, himogilobin ɗin jajayen ƙwayoyin jini ne ke ɗauke da shi. A cikin mililita 100 na jinin mai lafiya akwai oksijin kusan mililita 20, wanda ya narke kai tsaye a ruwan jinin kuwa bai wuce 0.3 ba. Mutumin da na'urar yatsa mai auna oksijin ɗin jini ta nuna masa 97 ko 98, himogilobin ɗinsa ya riga ya cika. Kamar motar ɗaukar kaya ce da aka loda ta maƙil a kasuwar Dawanau, gada ta karye a gaba. Ko ka ƙara jibge buhuna a bakin tasha, garin da ke hayin gadar ba zai ga ko tiya ɗaya ba. Lita 2 ko 3 da ake busa wa mutum ta siririyar robar hanci ɗan abin da take ƙarawa a jinin irin wannan majinyaci bai taka kara ya karya ba. Ko da tsantsar oksijin aka ba shi ta takunkumin da ya kama fuska tsam, narkakken ba ya wuce mililita 2. Wannan ɗan ƙarin shi ne duk abin da masu fatan kare ƙwaƙwalwa da oksijin suka dogara a kai, kuma zan dawo kansa, domin ba abin rainawa ba ne gaba ɗaya.

Amma a ajiye lissafin allo, a dubi abin da ya faru da aka gwada a kan mutane.

A 1999 Rønning da Guldvog na ƙasar Norwe suka wallafa sakamakon majinyata 550. Wasu an ba su lita 3 a minti na tsawon sa'o'i 24, wasu an bar su da iskar ɗaki. Bayan shekara guda oksijin bai ƙara wa kowa kwana ba. Abin da ya ɗaga hankali ma shi ne masu ciwo mai sauƙi ko matsakaici: kashi 82 na waɗanda aka ba oksijin ne suka kai shekara, alhali kashi 91 na waɗanda ba a ba su ba suka kai. Za ka iya cewa gwajin ya tsufa, kuma rabon majinyatan bai bi tsantsar ƙuri'a ba. Na yarda. Shi ya sa Farfesa Christine Roffe da abokan aikinta a Birtaniya suka shirya wanda ya fi shi nesa ba kusa ba, gwajin SO2S, wanda mujallar JAMA ta buga a 2017. Majinyata 8,003 ne daga asibitoci 136, aka raba su gida uku ta ƙuri'a. Kashin farko oksijin dare da rana har kwana uku, na biyu da dare kawai, na uku kuma ba a ba su sai in iskar jininsu ta yi ƙasa. Bayan kwana 90 aka duba waɗanda suka mutu da waɗanda suka nakasa, aka tarar duk kanwar ja ce. An tsefe alƙaluman ta kowace fuska, masu ciwo mai tsanani da masu sauƙi, waɗanda aka fara wa da wuri da waɗanda aka makara, ba a samu rukuni ɗaya da ya ci riba ba. Wannan fa ita ce ainihin shawararka, Malam, kowa da kowa a ɗora masa. Na yi mamaki da maƙala mai tsawo haka ta tsallake gwaji mafi girma da aka taɓa yi a kan batunta.

Sai maganarka ta cewa ba ya cutarwa, wadda ita ta fi damuna, domin ita ce za ta fi saurin shiga kunnen jama'a. Oksijin magani ne, yana da ƙa'ida da ma'auni kamar kowace allura. Idan ya yi yawa a jini, jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na zuciya tsukewa suke yi, wato jinin da ake neman ya ƙaru sai ya ragu. Yana kuma haifar da wasu sinadarai masu ƙona ƙwayoyin halitta, musamman a daidai lokacin da jini ya dawo wurin da ya daɗe a toshe. Likitocin zuciya sun riga mu ɗanɗana wannan. Shekara da shekaru duk wanda zuciyarsa ta buga, kafin a tambayi sunansa an manna masa takunkumi. A 2015 gwajin AVOID na Ostireliya ya nuna alamar cewa waɗanda aka ba oksijin ba tare da buƙata ba, tabon da ya rage a zuciyarsu ya fi girma. A 2017 wani gwajin a Suwidin mai mutum fiye da 6,600 ya ce babu amfani. A 2018 mujallar Lancet ta buga nazarin da ya haɗa gwaje-gwaje 25 masu majinyata 16,037 da ke cikin mawuyacin hali, har da masu shanyewar ɓarin jiki, aka ga mace-mace sun fi yawa a ɓangaren da aka sakar wa oksijin ba linzami. Ga kuma masu daɗaɗɗen ciwon huhu, irin tsofaffin da suka sha taba shekara arba'in ko iyayenmu mata da suka ƙare rayuwarsu a cikin hayaƙin murhu. Irin waɗannan idan aka cika musu oksijin gurɓatacciyar iska kan taru a jininsu, su yi ta gyangyaɗi har su suma, masu jinya kuwa su ɗauka ciwon ne ya tsananta. Wannan mutum ne kake so 'ya'yansa su buɗe masa tukunya a ɗaka, ba likita ba ma'auni?

Yanzu ga gwajin ƙasar Sin da ka jingina da shi. Ba zan yi masa rowar yabo ba, aiki ne mai kyau. Sunansa OPENS-2, tawagar Farfesa Ji Xunming ta Beijing ce ta jagorance shi, Lancet ta buga shi a 2025. Majinyata 282 a asibitoci 26. Rabinsu an ba su lita 10 a minti ta takunkumi na tsawon sa'o'i 4, sauran an sa musu takunkumin amma da lita 1 kacal don kada a gane wane ne wane. Bayan kwana 90 waɗanda suka samu mai yawan sun fi samun sauƙi. A ma'aunin nakasa mai hawa daga 0 zuwa 6, na tsakiyarsu yana kan 2, na ɗaya ɓangaren yana kan 3. Tazarar ba ƙarama ba ce a rayuwar mutum. Mai 2 yana iya kula da kansa, ya yi wanka, ya yi alwala, ya ci abinci ba mataimaki. Mai 3 yana takawa da ƙafarsa, amma sai da wani a kusa.

To amma su wane ne mutanen nan 282? Abin da ba ka faɗa wa masu karatu ba ke nan. Dukkansu babbar jijiya ce ta toshe musu, an tabbatar da hoto. Dukkansu sun iso cikin sa'o'i 6. Dukkansu kuma ana shirin shiga da su ɗakin da za a zura siririyar waya ta jijiyar cinya har cikin kai a zaro gudan jinin. Aikin oksijin a nan shi ne ya ɗan riƙe yankin nan da bai gama mutuwa ba, da wancan ɗan ƙarin da ya narke a ruwan jini, kafin a buɗe hanya. Jinkirta mutuwar ƙwayoyin yake yi na ɗan lokaci. Idan ba wanda zai zo ya buɗe jijiyar, jinkirin ya tashi a banza. An ga haka tun 2005, lokacin da Aneesh Singhal na Boston ya gwada lita 45 a minti na sa'o'i 8 a ƙaramin gwaji mai mutum 16. Majinyatan sun ɗan farfaɗo yayin da iskar ke busawa, daga baya ribar ta dushe. Da ya faɗaɗa gwajin, dakatar da shi aka yi bayan mutum 85, saboda mace-mace sun fi yawa a ɓangaren oksijin, ko da yake ba a ɗora wa oksijin ɗin alhakinsu ba. Haka kuma gwajin PROOF na Turai, wanda Sven Poli na Tübingen a Jamus ya jagoranta, shi ma a kan masu jiran a zaro musu gudan jini aka yi shi, da oksijin mai ƙarfin gaske, kuma an rufe shi kafin wa'adinsa saboda ba a ga alamar riba ba. Ke nan ko a cikin wannan ƙunƙuntaccen rukuni, gwaji ɗaya ya ce e, ɗaya ya ce a'a. Wanda ya ɗauki na farko ya ɓoye na biyu bai yi wa mai karatu adalci ba.

Masu wannan fanni suna da dalilin ɗari-ɗari da duk abin da aka kira garkuwar ƙwaƙwalwa. A 2006 wasu masu bincike sun ƙirga magunguna da dabaru 1,026 da aka gwada don wannan ciwo, akasarinsu a jikin dabbobi. Da yawa sun yi abin al'ajabi a kan ɓeraye. Wani mai suna NXY-059 har ya yi nasara a gwajin farko a kan mutane, aka fara murna, sai babban gwaji na biyu a 2007 ya nuna babu komai. Ɓeran ɗakin gwaji matashi ne, ba hawan jini ba ciwon suga, an toshe masa jijiya a minti sananne an buɗe a minti sananne. Kawu mai shekara 68 da aka tarar a ƙasa bayan sallar asuba kuwa, ba wanda ya san ƙarfe nawa abin ya same shi.

Batun ɗakin nan mai matsin iska da ka ambata a gurguje, ni ma a gurguje zan wuce shi. Gwaje-gwajensa ƙanana ne, na Rusyniak a 2003 mutum 33 ne kacal, kuma waɗanda aka ba iskar da cikakken matsi ba su fi sauran samun sauƙi ba. Ƙa'idojin ƙungiyar likitocin zuciya da shanyewar jiki ta Amurka na 2019 ba su yarda da shi ba sai idan kumfar iska ce ta shiga jijiya. Su dai waɗannan ƙa'idoji ne suka ce a ba da oksijin don riƙe ma'aunin iskar jini sama da 94, kada kuma a ba wanda iskarsa ba ta yi ƙasa ba. Likitan da ka gani ya maƙala na'ura a yatsan majinyaci, ya ga 97, ya wuce bai taɓa tukunya ba, aikinsa ya yi, ba sakaci ba ne.

A dawo gida. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi ya jagoranta a Najeriya da Gana, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya a ciki, ya nuna a 2018 cewa kusan kashi 32 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki a wajenmu fashewar jijiya ce, jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Sauran kashi 68 ne toshewa. Da ido ba a bambance su, sai da hoton kai. Wannan kaɗai ya isa ya rushe tunanin jinya a gida, domin abin da ke taimakon ɗaya, kamar asfirin ko allurar narkar da gudan jini, yana iya ƙarasa ɗayan. Ita allurar kuma tana da wa'adi, sa'o'i huɗu da rabi daga fara ciwo. Zaro gudan jini da waya, wanda gwajin MR CLEAN na Holan ya tabbatar da amfaninsa a 2015, wuraren da ake yin sa a Najeriya da Nijar ba su da yawa ko kaɗan, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Wato sharaɗin da ya sa oksijin ya yi aiki a Beijing shi ne ainihin abin da yawancin majinyatanmu ba su da shi. Tukunyar da ka ce a ajiye a gida kuwa, ina tsoron abin da za ta haifar shi ne zama. Mutanenmu dama sukan kwana biyu ana tofi, ana shafe-shafe, ana kiran mai kemis ya zo ya yi allura, kafin a nemi mota. Ka ƙara musu wani dalilin cewa bari mu ga abin da iskar za ta yi, ka cinye musu sa'o'in da ba sa dawowa. Binciken na SIREN ya ɗora wa hawan jini alhakin kusan kashi 90 na wannan ciwo a yankinmu. Kuɗin tukunya ɗaya da cika ta zai sayi na'urar awon jini da maganin watanni masu yawa.

Kuma oksijin a asibitocinmu ba ruwan rijiya ba ne. Duk wanda ya yi jinya a ɗakin gaggawa ya san yadda ake gungura tukunya ɗaya daga gado zuwa gado, nas na murɗa kanta da sifana tana kallon allurar ma'auni tana sauka, wani ɗan'uwan majinyaci ya fita da dare neman inda za a cika wata. Injin tace iskar kuma in an ɗauke wuta ya tsaya. A gadon can ga yaro mai ciwon huhu, haƙarƙari na shiga yana fita, leɓe ya canja launi. Ga mai jego da ta zubar da jini. Waɗannan oksijin ne tsakaninsu da kabari. Duk litar da aka busa wa mai 98 a yatsa, daga bakin ɗayansu aka ɗauke ta.

Kada a fahimce ni a karkace. Akwai masu shanyewar ɓarin jiki da yawa da ke buƙatar oksijin, kuma hana su laifi ne babba: wanda ya suma harshe ya toshe masa maƙogwaro, wanda zuciyarsa ta gaza ruwa ya taru a huhu, wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci. Da ka ce a wadata kowane asibiti da na'urar yatsa, a riƙa aunawa dare da rana ba sau ɗaya a bakin ƙofa ba, da na sa hannu a ƙasan maƙalarka. Akwai ma wani abu da ya shafe mu kai tsaye wanda ya fi cancantar alƙalaminka. A 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan sun gano cewa na'urar yatsa takan yi wa baƙar fata ƙarin maki. A cikin waɗanda ta nuna wa 92 zuwa 96, kusan kashi 12 na baƙaƙe ainihin iskar jininsu tana ƙasa da 88, a farare kuwa bai kai kashi 4 ba. Saboda haka idan na'ura ta nuna 93 ko 94 a yatsan Bahaushe, ga shi yana haki, likita mai lura ba zai tsaya jayayya da lamba ba, zai ba shi. Wannan gyara ne na gaske, kuma ya sha bamban da a ɗora wa kowa.

Abin da aka tabbatar yana ceton ƙwaƙwalwa bayan an kwantar da mutum ba shi da ƙyalƙyali, shi ya sa ba a rubuta maƙala a kansa. A 2011 Sandy Middleton da tawagarta a Ostireliya suka koya wa nas-nas abu uku: a sauke zazzaɓi da wuri, a daidaita suga, kada a ba majinyaci komai ta baki sai an gwada haɗiyarsa. A ɗakunan da aka bi wannan tsari kashi 42 ne suka mutu ko suka kasa dogaro da kansu bayan kwana 90, a sauran kuwa kashi 58. Babu wani gwajin oksijin na kowa-da-kowa da ya ko kusanci wannan.

Na ukun nan, haɗiya, shi ne inda muke yawan rasa mutane. An kwantar da Baba, Hajiya ta ga tun jiya bai sa komai a cikinsa ba, tausayi ya kama ta. Ta tallafo kansa, ta ɗebo kunu a ludayi ko ruwan rubutu a kofi, ta ɗura masa kaɗan-kaɗan. Ya ɗan yi tari, muryarsa ta koma kamar mai kurkurar baki, wani lokacin ma ko tarin ba ya yi, domin ciwon ya kashe jin maƙogwaron. Rabin abin huhu ya tafi. Kwana biyu ko uku sai zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya yi sama-sama, na'urar yatsa ta nuna 86. A ranar ce Baba ke buƙatar oksijin da gaske, a ranar ce kuma nas za ta zagaya ɗakin tana neman tukunyar da ba a riga an ƙarar ba.